Waƙoƙin tele na jiya: kada su mutu a gindin akwati

Ranar wata Talata, ranar da kasuwar Diffa ke ci, mun shiga layin masu banda domin karɓar gaisuwar masu sauraro, kamar yadda muka saba yi kafin shirin zaɓi-sonka na ƙarshen mako. Muna cikin rubuta sunaye sai wata dattijuwa ta yafito mu da hannu. Mutuniyar Yebi ce, wani gari da ke dab da Bosso, inda Komadugu ke gangarawa ta shiga Tafkin Cadi. Yanzu a Diffa take zaune, tana kasa kifi a kan tsohon buhu. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da kasuwa, sai ta ce ita ma tana da waƙar da take so a sa mata.

Muka ce, Inna, wace ce?

Ba ta san sunan waƙar ba. Abin da ta sani shi ne waƙa ce da Barbarci, ƴan matan Samariya ne suka rera ta a wani bikin matasa na ƙasa a zamanin Kunce, kuma an nuna ta a tele. Ta san haka ne domin tana cikin ƴan matan. Ita ce ta uku daga hannun dama, da kitson Barebari da zane mai ruwan bula. Daren da aka nuna su, ƙanen mijin yayarta ya kara rediyonsa mai kaset a bakin akwatin telebijin ya ɗauki sautin. Wannan kaset ya bi ta ɗakin aure, ya zauna cikin akwatin ƙarfe tare da zannuwan lefe shekara wajen 30. A watan Mayu na 2016 ƴan Boko Haram suka afka wa Yebi da dare, suka kashe mutane, suka ƙone gidaje da kasuwa. Ranar 3 ga Yuni aka afka wa Bosso, mutane dubu wajen 50 suka bazama neman mafaka. Wanda ya fita da yaro a baya da wani a hannu, ina zai tuna da akwati?

Mun koma gidan rediyo mun bincika abin da muke da shi. Ba mu samu ba. Mun tambayi tsofaffin ma'aikata, kowa ya ce kamar ya tuna da muryar, amma babu mai kaset. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami yau, domin mu yi magana da ku, iyayenmu mata na kasuwa da ƴan uwa masu shaguna, a kan wata dukiya da ke kwance a gidajenku wadda ba a lissafa ta cikin jari.

Zamanin da tele ɗaya ke isar unguwa

Yaran yau, da kowa ke riƙe da tasa salula yana kallon abin da ya ga dama, zai yi wuya su gane yadda kallon tele yake a da. Telebijin ya shigo Nijar ta ƙofar lakkwal ne a 1964, domin koyar da yara karatu. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe Tele Sahel domin jama'a baki ɗaya. A zamanin Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa rasuwarsa a 1987, gwamnati ta kai akwatunan telebijin na jama'a cikin garuruwa da ƙauyuka, wasu ma da hasken rana suke aiki. Mu da muka taso a shekarun 1990 mun riski ƙarshen wannan zamani. A unguwarmu gida ɗaya ne ke da tele, mai baƙi da fari, da batirin mota ake kunna ta. Bayan sallar isha sai a fito da ita tsakar gida a ɗora kan tebur, a shimfiɗa tabarmi. Yara a gaba a kan rairayi, mata a gefe da mazaunansu, maza a baya kusa da mai shayi. Idan hoto ya fara yayyafi, sai a tura wani yaro ya juya eriyar da ke kan doguwar gora, ana yi masa tsawa daga ƙasa har hoton ya daidaita.

Masu ƙananan sana'o'i sun san amfanin wannan taro. Mai gyaɗa, mai ƙosai, mai dafaffen rogo, duk a ƙofar gidan mai tele suke kasa kayansu. Ana sauraron labarai da Faransanci, a jira na Hausa da na Barbarci. Ana kallon wasan kwaikwayon su Yazi Dogo a yi dariya har da hawaye. Lokacin kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba a samun wurin sa ƙafa. Amma abin da ke sa mata su ajiye ƙullin gyaɗa su miƙe zaune shi ne idan an ce ga waƙa.

Daga Yamai zuwa Diffa tafiyar kilomita sama da 1,300 ce. A wancan lokaci wanda ya je Yamai ya dawo, har gida ake zuwa yi masa barka da hanya. Kuɗin da ke yawo a hannunmu ma rabinsu naira ce, domin Damasak da Maiduguri sun fi kusa da mu. Saboda haka duk daren da aka nuno ƴan jaharmu a tele, da gangarsu da algaitarsu da yarensu, sai mutum ya ji lallai shi ma ana lissafa shi cikin ƴan ƙasa. Dattawa har yau idan aka ambaci Cetima Ganga mai algaita, sai ka ga sun gyara zama.

Waɗanda muka gani da idonmu

Bikin matasa na ƙasa an fara shi ne a Damagaram a 1976, daga nan ya riƙa zagaya manyan garuruwan jahohi. Kowace jaha tana tace gwanayenta tun daga ƙauye, a zo a kara a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Waɗanda ke hawa dandali ƴaƴan talakawa ne: ƴar mai tattasai, ɗan masunci, malamin lakkwal, tela. Babu wanda ya yi arziki da abin. Ladan shi ne a tafa maka, a nuna ka a tele, ka dawo gida ana nuna ka da yatsa a kasuwa.

A 1987 aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin nan na Tawa. Bayan ƴan shekaru aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya, ɗaya daga cikin waɗanda suka share fagen kiɗan zamani a ƙasar nan. Daga wannan yunƙuri ne muka san su Sa'adu Bori na Maraɗi, da Musa Pusi, da Fati Mariko, da Adams Junior mai kiɗan rege, da Yakuba Mumuni mai sarewa wanda ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995. Su ne suka nuna mana cewa jita da gangunan Turawa suna iya zama da kalangu da gurumi a dandali ɗaya ba tare da an yi faɗa ba. Sa'adu Bori da Musa Pusi har faifai suka yi tare a tsakiyar shekarun 1990, wani kamfani na Landan mai suna Stern's ya baza shi a duniya. Sa'adu Bori ya rasu a haɗarin mota a 2008, Allah ya jiƙansa.

Wanda ya kalli waɗannan mutane a wancan lokaci zai tuna yadda abin yake. Labule ɗaya a baya, fitila biyu ko uku, makaɗa sun yi anko da atamfa iri ɗaya, wani sa'in wando mai faɗin ƙafa. Mawaƙi yana tsaye da makirfo mai doguwar waya, yana taka rawa yana kula kada ta harɗe shi. Babu kwamfutar da za ta gyara murya. Idan ka iya, kowa ya ji. Idan ka kuskure, duk ƙasa ta ji. Shi ya sa har gobe waɗannan waƙoƙi ke da wani ɗanɗano, kamar tuwon da aka dafa da itace.

Har Ingila ta tafka wannan asara

Kada wani ya ce ai wannan sakaci halin talaka ne. Ku saurari abin da ya faru a Ingila, a gidan BBC ɗin nan da kuke jin sashensa na Hausa tun 1957.

A shekarun 1960 ƙungiyoyin samari masu jita suka cika Ingila. Mafi shahara su ne The Beatles, samari huɗu daga birnin Libaful mai tashar jiragen ruwa, ƴaƴan masu ƙaramin ƙarfi. Akwai kuma The Rolling Stones, da The Kinks, da The Who, da The Hollies. Da The Beatles suka bayyana a wani shirin telebijin na Amurka ranar 9 ga Fabrairun 1964, mutum miliyan 73 aka ƙiyasta sun kalle su a dare ɗaya. A gida kuwa, BBC ta buɗe wani shiri mai suna Top of the Pops ranar 1 ga Janairun 1964, a cikin wata tsohuwar majami'a a birnin Mancesta. Kowane mako ana nuna waƙoƙin da suka fi ciniki a shagunan faifai. Iyali kan taru gaban akwati ɗaya, yara na murna, iyaye na tsaki saboda tsawon gashin samarin, kamar dai yadda namu iyayen ke yi idan sun ga wando mai faɗin ƙafa. Shirin ya ci gaba mako-mako har shekara 42, sai a Yulin 2006 aka dakatar da shi.

To, ina hotunan? Yawancin na shekarun farko babu su. Zaren ɗaukar hoto yana da tsada ƙwarai a lokacin, don haka idan an nuna shiri sai a goge zaren a ɗauki wani abu a kansa. Ma'aikatan suna ganin waƙar samari abin yayi ce, bana a so ta, baɗi a manta. Har shirin farko na ranar buɗewa bai tsira ba. The Beatles sau ɗaya tak suka zo da kansu aka nuna su kai tsaye a wannan shiri, ranar 16 ga Yunin 1966, kuma shi ma an goge shi. Sai a 1978 BBC ta tsayar da tsarin adana shirye-shiryenta, bayan ɓarna ta riga ta auku.

Abin da ya kamata ku lura da shi shi ne inda aka samo ɗan abin da aka samo. A 2019 aka gano wani guntun hoto na wancan dare na 1966, tsawonsa daƙiƙa 11, babu ko sauti. Wani iyali ne a Libaful suka kara ƙaramar na'urar ɗaukar hoto a bakin telebijin ɗinsu, zaren ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin wani mai tara tsofaffin kaya a ƙasar Meziko. Daƙiƙa 11, amma sai da kafofin labarai na duniya suka ɗauka. Haka kuma a 2011 aka samo wani wasa da mawaƙi David Bowie ya yi a shirin a 1973, domin ɗaya daga cikin masu ɗaukar hoton ya ajiye kofi a gidansa shekara 38. Abin da babban gida mai kuɗi da injuna ya zubar, ƙananan mutane ne suka tsince shi. Ku duba, dabarar iyalin nan na Libaful ita ce dabarar surukin Inna mai banda: kara na'ura a bakin tele.

Biyu da aka ceto a gidanmu

Mu ma muna da namu misalan. Duk wanda ya saurari rediyo da telebijin na ƙasa a shekarun baya ya san wani kiɗa mai sanyi da ake sawa tsakanin shiri da shiri, ko da bai san mai shi ba. Mamman Sani ne, da wani abin kiɗa na lantarki mai madannai ƙirar Italiya. Kaset ɗinsa na farko kaɗan aka buga, ya ɓace daga kasuwa. Wani Ba'amurke mai neman tsofaffin waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ci karo da kofi ɗaya a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai, ya nemi mai shi, aka sake fitar da kiɗan a 2013. Daga nan aka fara gayyatar Mamman Sani ƙasashen Turai. Da wannan kofi ɗaya ya lalace, da shi ke nan.

Na biyun ya fi kusa da mu, domin daga ruwanmu ya fito. Buduma masunta na Tafkin Cadi suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar, mai siffar kwalekwale, ana ce masa biram. An kai lokacin da saura dattijo ɗaya aka sani da ya iya shi sosai, Bukar Tar. Malam Mamman Barka, ɗan Teskar, malamin lakkwal da muka sani a tele da guruminsa, ya samu tallafin UNESCO a 2002, ya zo bakin tafki ya zauna gaban dattijon ya koya. Bayan rasuwar Bukar Tar, Malam Barka ya kai biram har Ingila, ya kaɗa a babban bikin WOMAD a 2008, a 2009 kuma wani kamfanin Landan ya fitar da faifansa. Shi ma ya rasu ranar 21 ga Nuwamban 2018. A watan Mayun 2015 aka kwashe mutanen tsibiran tafkin saboda yaƙi, suka warwatsu a sansanoni. Da Malam Barka ya ce bari sai an samu sarari, yau da wa za a tambaya?

Kaset ma yana da ajali

Kaset ɗin rediyo kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, na bidiyo irin VHS kuma kamfanin JVC na Japan a 1976. Dukansu siririn zaren roba ne da aka shafa wa garin ƙarfe, a jikin garin ne murya da hoto ke zaune. Zafi yana sa zaren ya miƙe. Raɓa tana sa ya yi fumfuna ya manne. Ƙura tana kankare shi. Maganaɗisun da ke cikin lasifika yana iya goge abin da ke ciki. Ku auna wannan da zafin Diffa a watan Afrilu, da ƙurar hunturu, da ambaliyar Komadugu irin ta 2019 da 2022 da ta shiga gidaje. Kuma ko zaren ya tsira, injin da zai karanta shi yana ƙarewa: kamfani na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, Funai na Japan, ya daina a 2016. Masu gyaran rediyo na kasuwa za su gaya muku yadda samun bel da kan kaset ya zama aiki.

Ga abin da muke roƙo, kuma ba ya cin ko dala.

Ku buɗe akwatunan nan da ke ƙarƙashin gado, da kwalayen da ke bayan shago. Duk kaset ɗin da kuka gani, na waƙa ne, na biki ne, na kokowa ne, na wa'azin wani malami da ya rasu ne, kada a ba yara su zare shi su yi wasa, kada a zuba shi a shara ranar gyaran ɗaki.

Ku karya ƴan ƙananan haƙoran roba da ke saman kaset, domin kada wani ya ɗauki sabon abu a kai bisa kuskure. Ku jera su a tsaye cikin gidajensu, a wuri mai inuwa, sama da ƙasa, nesa da lasifika da rufin kwano.

Wanda kuka ga ya yi farin fumfuna, kada ku sa shi a inji don gwaji. Zai tsinke, ya kuma ɓata injin. A kai wa wanda ya san aikin.

Ku sa wani yaro mai karatu ya zauna da dattijon gida ya rubuta a takarda: wane ne ke waƙar, a wane gari, wajen wace shekara, su wa ke cikin hoton. Murya ba suna rabin dukiya ce. Yau akwai mai iya cewa waccan ta uku daga dama ni ce. Nan da shekara goma fa?

Sannan a juye shi zuwa kwamfuta. Waya ɗaya ce ake haɗawa daga rediyo zuwa kwamfuta, kuma yawancin gidajen rediyo da masu tura waƙoƙi a kasuwa sun iya. A yi kofi biyu ko uku, ɗaya a katin salula, ɗaya wurin ɗan uwa a wani gari, Damagaram ko Maraɗi ko Yamai. Mu mutanen jahar nan mun koya da wuya cewa ajiya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce. Bayan an juye, kada a yar da kaset ɗin na asali.

Ga masu shagunan tura waƙoƙi kuma, muna tunatarwa: juyewa domin adanawa daban, sayar da gumin wani daban. Waɗannan mawaƙa da yawansu sun mutu ba su bar komai ba sai marayu. Akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA. Wanda ya samu riba da muryar mamaci, ya tuna da iyalinsa.

Mun san wani zai ce, mutanen da ke neman abin sawa a tukunya, ina ruwansu da tsohuwar waƙa? Gaskiya ne ciki shi ne gaba. Mun ga shekarun da aka hana cinikin tattasai da kifi bayan dokar ta-ɓaci ta 2015, mun san yadda kasuwa ta kwanta. Wani kuma zai ce shi ba ya sauraron kiɗa saboda addini, kuma muna girmama ra'ayinsa. Sai dai a cikin akwatunan nan har da karatun malamai da muryoyin iyaye da suka riga mu gidan gaskiya. Yaran da aka haifa a bukkokin gefen kwalta daga 2015 zuwa yau sun fara girma. Abin da suka sani game da Yebi da Bosso da tsibiran tafki shi ne wuraren da aka gudo daga cikinsu. Ya kamata su ji da kunnensu cewa a can an yi biki, an yi kitso, an yi gasa, an ci, an dawo gida da guɗa.

Mun koma wurin Inna mai banda a Talatar da ta biyo baya, muka gaya mata gaskiya cewa ba mu samu ba tukuna. Ba ta yi fushi ba. Ta rera mana ɗan abin da ta tuna a hankali, tana korar ƙuda daga kan kifi, muka ɗauka a salula. Muryar ta tsufa, amma amshin yana nan daram. Mun sa shi a shiri sau biyu, muna roƙon duk wanda ya gane waƙar, ko yake da kaset ɗin bikin matasa na waɗannan shekaru, daga Maine Sorowa har Ngigmi, ya leƙa gidan rediyo mafi kusa da shi. Ƴan matan da suka hau dandali a daren nan sun fi goma, kuma kowace tana da dangi. Da wuya a ce rediyo ɗaya ne kawai aka kara a bakin tele.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.